Gidan da ba shi da zaure: Abin da Birnin Zazzau zai koya wa masu gina shafukan intanet

Ranar wata Laraba bayan sallar La'asar, ina zaune a ƙofar gida a nan Ƙofar Gayan, sai ga 'yar maƙwabciyarmu ta zo ta durƙusa ta gaishe ni, riƙe da wayar mahaifiyarta da wata jakar leda mai takardu. Mahaifinta ya rasu shekara uku da suka wuce, uwar kuwa da sana'ar ƙosai take riƙe marayu biyar. Ta ce, "Baba, Inna ce ta ce in zo ka taimaka mana. An ce wata hukuma ta buɗe neman tallafin karatu, kuma jibi za a rufe."

Yarinyar ta ci jarrabawarta, takardunta sun cika, ta cancanci abin da take nema ta kowace fuska. Na karɓi wayar da zaton aikin minti goma ne, amma har aka kira Magariba ba mu gano inda ake shiga ba. Shafin farko na hukumar cike yake da hoton shugabanta, da jawabinsa na maraba, da hotunan taro masu juyawa suna cinye ɗan datan da uwar ta saya. A sama an jera sunayen sassan hukumar da gajerun haruffan Turanci waɗanda sai ma'aikacin wurin ne zai san ma'anarsu. Da ƙyar muka gano sanarwar a ƙarƙashin labarai, cikin wata takarda da aka ɗauki hotonta a karkace aka ɗora. Da muka kai ga fom ɗin muka cika shi tsaf, sai a ƙarshe ya ce hoton yarinyar ya yi nauyi, ya goge duk abin da muka rubuta. Babu inda aka faɗa mana tun farko nauyin hoton da ake so.

Washegari na raka ta wani shagon intanet. Yaron shagon ya karɓi naira 2,500, ya gama aikin kafin in shanye ruwan leda guda. Na tambaye shi sirrin, ya yi dariya ya ce, "Baba, ai haddace hanyar na yi. Ni ma na sha wuya kafin in gane ta." Na lura kuma ya rubuta lambar sirrin yarinyar da lambarta ta shaidar ɗan ƙasa a wani littafi da ke ajiye a kan tebur, inda duk mai shigowa zai iya gani. Kuɗin da aka biya ya kai ribar ƙosan kwana biyu, sirrin marainiya kuma ya koma hannun wanda ba ta sani ba.

Tun daga ranar nake juya wannan al'amari. Wayar ba ta lalace ba, sabis bai ɗauke ba, yarinyar kuma ta iya karatu da Turanci. Abin da ya kusa raba ta da haƙƙinta shi ne yadda aka tsara shafin, ko kuma in ce yadda aka gina shi babu tsari.

Fannin da muke rainawa

Tsara bayanai ta yadda mai nema zai same su fanni ne mai zaman kansa, yana da malamansa da ƙa'idojinsa. Wani Ba'amurke mai suna Richard Saul Wurman, wanda asalin karatunsa zanen gine-gine ne, shi ya yayata tunanin a shekarun 1970, cewa bayani ma yana buƙatar mai zana masa fasali kamar yadda gida ke buƙata. A 1998 wasu masana ilimin laburare biyu, Louis Rosenfeld da Peter Morville, suka fitar da littafin da ya ɗora wannan tunani a kan shafukan intanet. Sun karkasa aikin zuwa tambayoyi huɗu: yaya za a rarraba bayanan, wane suna za a ba kowane kashi, ta wace hanya mutum zai bi daga wannan wuri zuwa wancan, kuma yaya zai yi bincike idan ya san abin da yake nema amma bai san inda yake ba.

Ba mamaki da masu laburare suka shige gaba a nan. Duk wanda ya taɓa shiga Laburaren Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru ya san cewa yawan littattafai ba ya amfanar da kowa idan babu kundin da zai kai ka kan kantar da littafinka yake. Tun 1931 masanin laburare ɗan Indiya, Ranganathan, ya sanya tattalin lokacin mai karatu cikin dokoki biyar da ya shimfiɗa wa wannan sana'a. Shafin intanet na hukuma laburare ne kuma ofis ne a lokaci guda, sai dai babu ma'aikaci a bakin ƙofa da za ka tambaya.

To amma ba sai mun je Amurka ko Indiya ba kafin mu fahimci wannan ilimi. Kakanninmu sun yi shi da laka da azara, kuma har yanzu muna zaune a cikinsa.

Birnin da ake iya karantawa

Dubi Birnin Zazzau. Ganuwa ta kewaye shi, ta raba ciki da waje. A jikinta akwai ƙofofi, kowace da sunanta: Ƙofar Doka, Ƙofar Kibo, Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kona, Ƙofar Galadima, Ƙofar Bai da Ƙofar Jatau. Ta kowace ƙofa baƙo ya shigo, akwai babbar hanya da za ta ja shi zuwa tsakiyar gari, inda fada da Masallacin Juma'a da kasuwa suke. Unguwanni suna da sunayen da ke faɗa maka wani abu game da mazauna wurin ko mai riƙe da shi, irin su Limancin Kona, Unguwar Juma, Unguwar Iya, Kwarbai da Magajiya. Akwai mahaɗa irin Babban Dodo da kowa ya sani. Akwai alamomin da ake kwatance da su, kamar rimayen da suka ba wa Rimin Tsiwa da Rimin Doko suna, da Dutsen Kufena da ake hangowa daga nesa.

A 1960 wani malamin tsara birane a Amurka, Kevin Lynch, ya wallafa bincikensa kan yadda mazauna biranen Boston da Jersey City da Los Angeles ke riƙe taswirar garinsu a ka. Ya gano abubuwa biyar suke dogara da su: hanyoyi, iyakoki, unguwanni, mahaɗai da alamomi. Masu tsara shafukan intanet sun ari wannan bincike suna aiki da shi har gobe. Duk biyar ɗin suna nan a birninmu ɗaruruwan shekaru kafin a haifi Lynch. Fataken da suka riƙa shigowa da jakuna ba su riƙe taswira a hannu ba, tsarin garin ne yake yi musu jagora.

Na san mai karatu ɗan birni zai ce ai lungunan Zariya sun sha ɓatar da baƙi. Gaskiya ne. Sai dai lungu ba don baƙo aka yi shi ba, hanyar masu gida ce, kuma karkacewarsa tana kare sirrin iyali. Abin da baƙo ke buƙata, wato fada da masallaci da kasuwa, an ajiye masa a kan babbar hanya. Idan ma ya ɓata, zai tarar da dattijo a dakali ko yaro a bakin hanya ya tambaya, matambayi kuwa ba ya ɓata. Yawancin shafukan hukumominmu sun juya wannan tsari: abin da jama'a ke nema yana can ƙuryar lungu, abin da ba wanda ya tambaya yana kan babban titi, kuma babu dattijo a dakali.

Zaure kafin turaka

Gidan Bahaushe ma darasi ne. Zaure shi ne farkon abin da baƙo ke tararwa. A nan zai yi sallama, a nan za a ji buƙatarsa, daga nan za a san ko a zaure za a sallame shi ko za a wuce da shi gaba. Ba a kai baƙo turaka don ya nemi ruwan sha, ba a kuma tare shi a ƙofa da tarihin mai gida kafin a tambaye shi abin da ya kawo shi.

Shafin farko na kowace hukuma zaurenta ne. Aikinsa ya tambayi mai shigowa abin da yake so, ya nuna masa ƙofa. Mai neman gurbin karatu, da mai biyan kuɗin makaranta, da mai neman takardar sakamako, kowa ya ga tasa ƙofar da sunan da zai gane. Jawabin shugaba da tarihin kafuwar hukuma suna da muhallinsu a can ciki, ga mai sha'awa.

Babban kuskuren da ake yi shi ne a tsara shafi bisa yadda ofis ya kasu. Ma'aikaci ya san wane sashe ne ke karɓar wace takarda, domin a nan yake yini. Talaka bai sani ba, kuma bai kamata a ɗora masa sanin ba. Gwamnatin Birtaniya ta yi fama da wannan ciwo shekara da shekaru, ma'aikatu da hukumomi kowa da nasa shafin. A watan Oktoban 2012 ta buɗe shafi guda, GOV.UK, wanda aka tsara bisa buƙatun ɗan ƙasa, kamar biyan haraji, sabunta fasfo ko neman lasisin tuƙi, daga baya aka tattaro shafukan ma'aikatun cikinsa. Ba wata na'ura ta musamman suka ƙirƙiro ba. Sun zauna ne suka tambayi kansu abin da ke kawo mutane, suka gina zauren a kan amsar.

Muna da namu misalin a gida. Dubi gajerun lambobin da bankuna suka bayar ana dannawa a ƙaramar waya: ɗaya tura kuɗi, biyu sayen kati, uku duba abin da ya rage. Mai sayar da tumatir a kasuwar Amaru da bai gama firamare ba yana aiki da su kullum ba tare da an koya masa sau biyu ba. Dalili shi ne zaɓin kaɗan ne, sunayen a fili suke, kuma kowane mataki tambaya ɗaya yake yi. Wanda ya iya wannan bai kamata a kira shi jahilin na'ura ba don ya kasa gane shafin da mai digiri ma ke kasawa.

Fom ɗin da bai san mu ba

Matsala ta biyu ita ce fom da aka kwafo daga wata ƙasa aka ɗora mana. Yana neman sunan dangi na gado irin na Turawa, alhali Bahaushe sunan mahaifinsa yake sawa, wani ya sa na kakansa, wani ya sa sunan garinsu ko unguwarsu. Yau yaro ya rubuta sunan uba a wannan gurbi, gobe a wani fom ya rubuta sunan gari, jibi na'ura ta ce mutum biyu ne. Muhammad, Muhammadu da Mohammed suna ɗaya ne a wurinmu, amma uku ne a wurin kwamfuta. Tun da Hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, ta kuma wajabta lambar shaidar ɗan ƙasa a 2021, daidaituwar suna a takardu ta zama abin da makomar yaro ke rataye a kansa. Layi ɗaya na bayani a ƙarƙashin gurbin, da ke cewa a rubuta suna kamar yadda yake a katin ɗan ƙasa, zai rage wa iyaye zirga-zirgar rantsuwa a kotu.

Haka batun adireshi. Fom zai nace sai ka ba shi lambar gida da sunan titi da lambar gidan waya, in ba haka ba ba zai wuce ba. Mu kuwa a nan kwatancenmu shi ne bayan Asibitin Gambo Sawaba, kusa da masallaci, gidan wane. Sai mutum ya ƙirƙiri lambar ƙarya don fom ya bar shi ya wuce, hukuma kuma ta tara adireshin da ba zai kai ta ko'ina ba. Da an bar gurbin unguwa da na kwatance, da kowa ya huta.

Akwai kuma haruffanmu masu ƙugiya. Sunan unguwarmu kaɗai ana rubuta shi Ƙofar Gayan, da Kofar Gayan, da Kofan Gayan. Akwatin binciken da bai san cewa wuri ɗaya ne ba zai ce wa mai nema babu, alhali akwai. Wasu fom ɗin ma da ka rubuta ɗ ko ƙ ko ɓ sai su mayar da su alamar tambaya. Gyaran wannan ba ya cin kuɗi, sani kawai yake so da kula.

Batun harshe kuwa abin kunya ne a ce sai an tuna mana a Zariya. A garin nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam yana editanta, kuma a nan aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, duk don a isar wa jama'a bayani da harshen da suke ji. Yau Facebook da Google sun samar da Hausa a manhajojinsu, amma da wuya ka ga shafin wata hukuma da ke hidimta wa Hausawa ya fassara ko da umarnin cika fom.

Wa ake gina wa?

Mai gina shafi yana zaune a ofis mai sanyi, da babbar kwamfuta da intanet mai gudu. Mai amfani da shi yana tsaye a rana, da ƙaramar waya mai fasasshen gilashi, da datan naira ɗari biyu, da batir da ya kusa mutuwa. Idan ba a gwada shafin a irin wannan waya ba, to ba a gwada shi ba. Kowane babban hoto da aka ɗora don ado, daga aljihun talaka ake biyan kuɗin saukar da shi.

Kada kuma a manta da masu larura. Makaho yana iya amfani da waya ta hanyar manhajar da ke karanta masa rubutu, amma ba za ta iya karanta sanarwar da aka ɗauka a hoto ba. Tun 1999 aka fitar da ƙa'idojin duniya na sauƙaƙa shafuka ga masu buƙata ta musamman. A watan Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu wariya a Najeriya, wadda ta wajabta a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keken guragu zai iya shiga. Tunda ofisoshi suna ƙaura zuwa intanet, hankali ya ba da cewa wannan haƙƙi ya bi su can.

Wasu za su ce ai shagunan intanet sun samar wa matasa aikin yi, gyara shafuka zai kashe musu kasuwa. Ina tausaya wa waɗannan matasa, kuma aikinsu ba zai ƙare ba, domin akwai buga takardu da ɗaukar hoto da taimakon wanda ba shi da waya. Amma sana'ar da ta dogara da ruɗewar marayu ba abin da za a yi fatan ɗorewarsa ba ne. Ga kuma haɗarin da ke ciki: Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora wa masu karɓar bayanan mutane nauyin tsare su, amma wane tsaro ya rage idan wahalar shafi ta tilasta wa dubban mutane miƙa lambobin sirrinsu ga wani a bakin titi?

Tun ran gini, tun ran zane

Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim a ƙarni na 19, har yau masana gine-gine daga ƙasashe daban-daban suna nazarinsa. Irin wannan gini ba ya yiwuwa sai magini ya san inda kowane ginshiƙi zai tsaya kafin a ɗora tubali na farko. Haka shafin intanet yake. Kafin a ba da kwangila, kafin a zaɓi launi ko hoto, akwai aikin da ake yi da takarda da biro.

Na farko, hukuma ta tambayi ma'aikatan da ke zama a kanta da masu gadin ƙofa tambayoyi goma da jama'a suka fi yi musu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Waɗannan goman su ne ƙofofin zaure. Na biyu, a rubuta kowace hidima a ƙaramin kati, a ba mutanen gari su tara waɗanda suke ganin sun yi kama, su raɗa wa kowane tari suna. Wannan tsohuwar dabara ce a fannin, kuma sunayen da jama'a suka bayar sun fi na ofis amfani. Na uku, a zana taswirar shafin a takarda, a ƙirga matakan da mutum zai taka kafin ya kai ga buƙatarsa, a rage duk wanda za a iya ragewa. Na huɗu, a faɗa wa mai cika fom duk abin da zai tanada tun kafin ya fara, kuma kada kuskure ɗaya ya goge masa aikinsa. Na biyar, a gwada. Jakob Nielsen, ɗaya daga cikin manyan masana fannin, ya nuna tun shekarar 2000 cewa gwaji da mutum biyar kacal yana fito da mafi yawan matsalolin shafi. A samo ɗalibi, da 'yar kasuwa, da dattijo mai fansho, da makaho, da ɗan acaɓa, a ba su aiki guda, a zauna a yi shiru a kalli inda za su tsaya.

Hukumar NITDA, wadda dokar 2007 ta ba ikon shimfiɗa ƙa'idojin fasahar sadarwa kuma take kula da adireshin shafukan gwamnati, tana iya mayar da irin wannan gwaji sharaɗi kafin a biya ɗan kwangila. Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Nuhu Bamalli suna yaye ɗaliban kwamfuta da na laburare da na Hausa duk shekara. Da za a haɗa su a aikin kammala karatu guda, su ɗauki shafin wata ƙaramar hukuma ko asibiti su sake masa tsari tare da mutanen unguwa, da an samu ƙwararrun da suka san na'ura kuma suka san jama'arsu.

Yarinyar maƙwabciyarmu ta samu shiga kafin a rufe, kuma na sa ta canza lambar sirrinta a daren. Amma a layin shagon nan na bar wasu da dama, kuma na tabbata akwai waɗanda ba su da naira 2,500, ba su kuma da maƙwabcin da za a aika wurinsa. Su ba za su bayyana a rahoton kowace hukuma ba, za a dai ce ba su nema ba. Ga shugabannin da ke sa hannu a kwangilar shafuka ina da roƙo ɗaya: kafin ku yanke kintinkirin buɗewa, ku ari wayar mai gadinku, ku nemi hidimar hukumarku da kanku, ba tare da kun kira kowa ya nuna muku hanya ba. Allah Ya ba mu ikon sauƙaƙa wa na ƙasa da mu.